Ruwan da ya kwanta a gindi: daga Notre-Dame zuwa tsohon masallacin Birni

  Yau tarihin gini za mu taɓa, kuma za mu haɗa shi da wata ƴar shuka da kowa ya saba gani a ƙofar gida. Ku daure ku karanta har ƙarshe, za ku ga inda suka haɗu.

Shekarar 2024 ta bar mana ranaku biyu da ya kamata mu ajiye kusa da juna. Ranar Talata 3 ga Satumba, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe. Ginin ƙasa ne da aka ɗaga tun wajen 1850, wato kakanni da jikoki sun yi salla cikinsa shekara 170 da ɗoriya. Wata uku bayan haka, ranar 7 ga Disamba, aka sake buɗe majami'ar Notre-Dame ta Faris, babban birnin Faransa, wadda gobara ta cinye rufinta da dogon tsininta ranar 15 ga Afrilun 2019.

Mun san abin da da yawa za su ce: ai bambancin kuɗi ne. Gaskiya ne akwai wannan. Gudummawar da aka tara don Notre-Dame ta kai yuro miliyan 840 da wani abu, sama da miliyar 550 na sefa ke nan. Ba mu da irin wannan kuɗi, ba ma kusa da shi. Amma kafin gobarar ginin ya yi shekara 850 yana tsaye, kuma abin da ya tsayar da shi tsawon wannan lokaci shi ne abin da za mu iya koyo ba tare da miliyar ko ɗaya ba.

Mu da muka bi ta lakwal, a CEG muka fara ganin hoton waɗannan majami'u cikin littafin tarihi. Mun haddace kalmomi irin su arc brisé da arc-boutant da gargouille don mu ci jarabawa, muka wuce. Bari yau mu warware su da Hausa.

Salon ginin da ake kira Gotik ya soma ne kusa da Faris, a majami'ar Saint-Denis, ƙarƙashin wani shugaban masu ibada mai suna Suger. An buɗe sabon sashen da ya gina a 1144. Kafin lokacin, majami'un Turai bango ne mai kauri da ƴan ƙananan tagogi, ciki duhu, domin rufin dutse yana da nauyi kuma yana tura bango waje. Maginan Gotik suka haɗa dabaru uku. Ta farko baka mai tsini a sama, wanda ke sauke nauyi ƙasa fiye da yadda yake tura shi gefe. Ta biyu haƙarƙarin dutse da ke gicciye a rufi, ya tattara nauyin ya kai shi kan ginshiƙai. Ta uku tokara daga waje, wato wasu bakuna da ke dafe da bangon kamar mutum ya sa hannu ya tare ƙyaure. Da nauyi ya bar bango, sai aka samu damar huda shi a sa gilashi mai launi. Manyan tagogin nan masu siffar fure da ke kudu da arewacin Notre-Dame, faɗin kowace ya kai wajen mita 13. Masu sassaƙa kuma suka riƙa zana ganyen inabi da sauran tsirran karkararsu a kan ginshiƙai.

Shi kansa baka mai tsinin ya girmi Gotik. Masallacin Ibn Tulun na birnin Alƙahira, wanda aka gama a 879, cike yake da shi. Dabarar gini yawo take yi kamar fatake.

An aza harsashin Notre-Dame a 1163, aiki bai kammala ba sai wajen 1345. Wanda ya haƙa tushe bai ga ƙarshen aiki ba, jikansa ma haka. Majami'ar Kolon ta ƙasar Jamus an fara ta a 1248, aka tsaya ɗaruruwan shekaru, sai a 1880 aka ƙarasa. Akwai kuma inda gasa ta yi yawa: a garin Beauvais sun ɗaga rufi har mita 48 don su wuce kowa, a 1284 wani sashe ya rufto, a 1573 hasumiyar da suka ƙara ita ma ta faɗi. Har gobe ba a gama wannan majami'a ba. Ginin dutse ma yana faɗuwa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sunan Gotik da farko zagi ne. Masanan Italiya na ƙarni na 16 suka laƙaba shi, suna nufin aikin Gotawa, mutanen da suke ɗauka a matsayin ƴan ƙauye marasa wayewa. Aka yi ƙarnuka ana raina waɗannan gine-gine. Lokacin juyin juya halin Faransa an farfasa gumakan Notre-Dame, har an mai da ita wurin ajiyar kaya. Sai da Victor Hugo ya fitar da littafinsa mai sunan majami'ar a 1831 hankalin jama'a ya dawo kanta, sannan Viollet-le-Duc ya shafe kusan shekara 20 yana gyara, har zuwa 1864. Idan yau wani ya dubi ginin tubali ya ce aikin talauci ne, ya sani Turawa sun riga shi yin wannan raini ga nasu, daga baya suka dawo suna cizon yatsa.

To mu dawo gida. Maginin Hausa ba shi da dutsen sassaƙa. Yana da ƙasa, da ciyawa, da azara da ake tsagawa daga giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Matsalarsa iri ɗaya ce da ta maginin Faransa: yaya za a rufe ɗaki mai faɗi? Azara ita kaɗai ba ta cika ɗaukar rufin ƙasa fiye da mita 2 ba. Sai ya riƙa jera ta daki-daki, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a tsakiya. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gicciya juna suka ɗauki tulluwa, an samu ɗaurin guga. Duk wanda ya taɓa shiga zauren wani tsohon sarki ya ɗaga kai ya ga haƙarƙarin nan na ƙasa, to ya ga ɗan uwan haƙarƙarin dutsen Gotik, ko da yake kowa da hanyar da ya bi ya iso.

Gwanin gwanayen wannan aiki shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, kuma masana gini daga ƙasashe da dama sun zo sun auna bakunansa sun yi rubutu a kai. A nan Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ga fadar sarki da har yau ake zaune cikinta, ga gidajen Birni da Zango da zanen da ke fuskarsu. Tun 2006 tsohon garin yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Agadas kam ta shiga a 2013, da hasumiyarta ta ƙasa mai tsawon mita 27.

Kada wani ya ce wannan duk aikin mutanen da ne. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini kuma manomi, Falke Barmu, ya fara masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. Gayya aka yi: masu buga tubali suna bugawa, masu ɗebo ruwa suna ɗebowa, masu itace suna kawowa. Daga baya ya sake rufin da bakuna da tulluwa, ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi. A 1986 wannan masallaci ya ci kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini na duniya. A Dandaji kuma, a 2018, ƴar ƙasarmu Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa a gefensa.

Yanzu ga inda muka nufa. Kalmar nan gargouille da muka haddace, dodannin dutse masu buɗaɗɗen baki da ke leƙowa daga saman majami'a, ba komai ba ne illa indararo. Aikinsu su tofar da ruwan sama nesa da bango. A bayan wasu tokaran ma akwai ƴar kwata da ke kai ruwa har bakin dodon. Maginin Faransa da maginin Damagaram abokin gabarsu ɗaya: ruwan da ya samu wurin kwanciya. Shi ya sa namu ke sa indararo mai tsawo, yake shafe bango da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, yake rufe soro da laso, yake sake yaɓe kafin damina.

Su can sun mai da kula da gini sana'a mai ɗorewa. A Strasbourg akwai wata hukuma da ke kula da majami'ar garin tun ƙarni na 13, da maginanta da masu sassaƙanta, har yau tana aiki. A Kolon ma akwai irinta, shi ya sa da wuya ka ga hoton majami'ar babu katakon magina a wani gefe. Mutanen garin har suna cewa ranar da aka gama aikinta duniya za ta tashi. Da gobarar 2019 ta zo, an samu kafintocin da suka iya fafe gungume da gatari kamar yadda aka yi a ƙarni na 13, domin ba a bar sana'ar ta mutu ba. Kuɗi sun sayi kaya, amma da babu waɗannan hannaye da kuɗin sun rasa wanda za a ba. A yankinmu ma akwai misali: garin Jenne na ƙasar Mali, inda duk shekara jama'a ke fitowa rana guda su yaɓe babban masallacinsu na 1907.

Mu kuwa me ya faru? Samari sun koma bulo da siminti, tsofaffin magina suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke kansu. Tituna da kwatoci sun canza hanyar ruwa, sai ya dawo yana kwanciya a gindin tsofaffin bangaye. Wani kuma da kyakkyawar niyya sai ya shafe bangon ƙasa da siminti. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, siminti kuwa yana tsare ta a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, daga waje sumul, sai rana ɗaya a ji rugum. Ga damina ta canza hali, ruwan wata guda yana sauka cikin kwana biyu. A 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Kuma maganar ta wuce ta tarihi kawai. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na masallacin Babban Gwani a Zariya ya rufta kan masu sallar la'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Sarkin Zazzau da kansa ya faɗa cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan. A ƙauyukanmu kowace damina sai mun ji ɗaki ya faɗa wa yara cikin dare.

Nan ne ƴar shukar da muka ambata ta shigo. Kun san ƙarya, mai kumburarren gindi kamar ƙaramar kuka, mai fure ja-ja da fari a tsakiya. Faransawa na ce mata rose du désert, masana tsirrai kuma Adenium obesum. Asalinta ƴar Sahel ce da gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa, amma yau a ƙasar Tailan ana fitar da irinta kala-kala ana sayar wa duniya cikin tukwane. Ba ta cin wuri, ba ta tsoron rana, tana yin shekaru masu yawa. Lokacin da gari ya bushe, ganyenta ya zube, lokacin take cika da fure, saboda ruwan da ta adana a gindi. Da yawa suna danganta ta da karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, domin ba kasafai ake ganin ƴaƴanta a gida ba. Tana yi dai jefi-jefi, kwasfa biyu kamar ƙahon akuya, da iri mai gashi da iska ke ɗauka.

Ga mai son dasawa, abin ba wuya. A yanki reshe mai ƙwari, a ajiye shi a inuwa kwana uku zuwa mako har bakin yankan ya bushe, sannan a kafa shi cikin rairayi da aka gauraya da ɗan ruɓaɓɓen taki. Tsohuwar tukunya ko fasasshen tulu sun isa, muddin akwai huda a ƙasa. A sa ta inda rana ke duka sosai. Kada a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau, lokacin sanyin hunturu ma a ƙara ragewa. Wadda aka shuka daga iri ta fi yin ƙaton gindi. Sai gargaɗi: ruwan jikinta dafi ne, mafarauta a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya. A nisanta ta da yara da awaki, a wanke hannu bayan an yanka. Wanda ke da ƙananan yara ya fi masa ya dasa lalle, shi ma ɗan rana ne, yana kamawa daga reshe, ana aske shi ya sake tohowa, furensa ƙanana masu ƙamshi, ga amfanin ganye ga mata.

Abin da ke kashe ƙarya a gidajenmu ba ƙishirwa ba ne. Yawan ban ruwa ne, ko tukunya marar huda: ruwa ya kwanta, gindi ya yi laushi, kafin a ankara ta ruɓe alhali saman yana nan da fure. Haka bangon ƙasa yake mutuwa, daga gindi, a hankali. Saboda haka ma kada a dasa fure ko lalle manne da bango, a ba shi tazarar taku biyu ko uku don ruwan ban shuka kada ya jiƙa tushe.

Akwai darasin itace kuma. Itatuwan chêne wajen 2000 aka sara don sabon rufin Notre-Dame, da yawansu sun haura shekara 150, daga dazuzzukan da aka daɗe ana tsarawa ana gadi. Wanda ya raine su bai san ranar amfaninsu ba. Azara ma haka take, giginya sai ta yi shekaru da dama kafin ta isa tsagawa. Mu a nan ba baƙi ba ne a wannan fanni. Tun shekarun 1980 manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka rungumi sassaben zamani, kowa yana barin ƴan gawo suna tashi a gonarsa, har masu bincike daga waje suka zo suna mamakin yadda ƙasar ta koma kore. Kowa gonarsa ya kula da ita, abin ya haɗu ya zama miliyoyin itatuwa. Idan mun iya da gawo, za mu iya da giginya da ɗorawa, za mu iya da bangon masallacin unguwa.

Ranar da masallacin Birni ya faɗi, Facebook ya cika da hotuna da innalillahi. Mako biyu aka koma wata hira. Irin wannan juyayi shi ne fure marar ƴaƴa. Abin da muke roƙo kaɗan ne, kuma lokacinsa rani ne, tun ran gini ran zane. Kowane gari, daga Sassumbrum zuwa Dungas, mai gari da liman da samari su zagaya su dubi tsohon masallaci da zauren sarki da tsofaffin soraye. A share indararo, a sauya wanda ya karye. A cike ramin da ke gindin bango, a karkata ƙasa yadda ruwa zai gudu waje. A sa ranar gayyar yaɓe kafin ruwan farko. Inda aka ga tsaga mai buɗewa, a fitar da mutane a kira magini a ranar, ba gobe ba. Magajin gari da ƴan majalisar kwamin su tuna da hanyar ruwa duk lokacin da za a yi sabon titi ko a raba filaye. Samarin da ke da waya kuma su zauna da tsofaffin magina su ɗauki muryarsu: yadda ake kwaɓa ƙasa, kwana nawa take kwana, yadda ake dafa makuba, yadda ake ɗaure bakan gizo. Wanda ya fi haka ma shi ne a samu yaro ɗaya ko biyu su bi su wurin aiki.

Ku gaya mana, a garinku wane gini ne ya fi tsufa, wa ya gina shi, kuma yaushe rabon a yaɓe shi? Idan akwai tsohon magini da ke raye kusa da ku, ku sanar da mu, za mu so mu je mu gaishe shi mu ji daga bakinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da rushewar gini. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.